Cika ruwa da cire iska a kewayen sanyaya kwamfuta: bayani bisa wani misali daga Dakwaro

1. Gabatarwa

A watan Afrilu na wata shekara ta baya-bayan nan, wani ɗalibinmu mai shirya kundin digiri na uku a kan makiyayar kwarin Tarka ya kwashe kayan aikinsa daga Maraɗi zuwa Dakwaro, domin ya zauna kusa da fagen bincikensa. A cikin kayan akwai wata babbar kwamfuta da wani ɗan'uwansa ya haɗa masa a Faransa don sarrafa hotunan tauraron ɗan Adam, kuma ruwa ne ke sanyaya ta. An kwantar da ita a bayan mota, aka yi tafiyar kilometir kusan 120 ta hanyar Kornaka. Da aka tashe ta tsaye aka kunna, sai ta riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kafin minti biyar ta kashe kanta. Wa'adin ba da kundi ya matso, kuma duk lissafin da ya rage sai da wannan na'ura yake yiwuwa. Wanda ya gano cutar wani makaniki ne mai gyaran injin gazuwal, wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Ya kara kunnensa a jikin akwatin, ya ce: "Malam, famfonka ya sha iska."

Gaskiya ya faɗa. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, cika irin wannan kewaye (circuit) da ruwa aikin fitar da iska ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma dalilan da suka sa haka su ne waɗanda masu famfon lambu da masu gyaran mota na ƙasarmu suka sani a aikace. Za mu kuma nuna cewa a wuri mai zafi irin Dakwaro, ƴar iskar da mutumin Turai zai iya ƙyalewa tana iya tsayar da aiki.

2. Me ya sa ruwa

Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Prosesa na zamani yana iya fitar da wat 200 ko fiye, babban katin hoto irin RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2022, an ƙiyasta masa wat 450, kuma duk wannan zafi yana fitowa ne daga wani ɗan fili da bai kai tafin hannun jariri ba. Dole a ɗauke shi nan da nan a kai shi wani wuri mai faɗi inda iskar ɗaki za ta tafi da shi.

Ruwa gwanin dako ne. Ana bukatar kilojul 4,18 don a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, alhali kuwa kilo ɗaya na iska kusan kilojul 1 ya ishe shi. Tun da ruwa ya fi iska nauyi sau 800 da ƴan kai, litar ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai litar kusan 3500 ta iska za ta ɗauka. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: in famfo yana tura litar 4 a minti, kuma na'ura tana fitar da wat 300, ruwan da ya ratsa ta ba zai ƙaru da abin da ya wuce digiri ɗaya da ɗan kaɗan ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Babbar na'urar IBM 3081 ta 1980 da ruwan sanyi aka riƙa sanyaya ta, Cray-2 ta 1985 kuwa allunanta a nutse suke cikin wani ruwa da ba ya ɗaukar lantarki, mai suna Fluorinert. A ƙarshen shekarun 1990 masu sha'awar haɗa kwamfuta a gida suka soma kwaikwayon abin da ƴan ƙananan radiyatar na mota da famfon tankin kifi. Wato dangantakar da makanikin Dakwaro ya ji da kunnensa tana da asali a tarihi.

Kayan kewayen biyar ne. Akwai bulo na jan ƙarfe da ake ɗora wa prosesa, wanda aka tsattsaga cikinsa da ƴan siraran hanyoyi, akwai radiyatar (abin da ake kira lagireto a Kano) tare da fankokinta, akwai famfo, akwai ƙaramin tanki, sai tiyo da mahaɗai masu zoben roba. Ruwa yana fita daga tanki ya shiga famfo, ya ratsa bulo da radiyatar, ya komo tanki. Ban da cewa tanki ya zo daf kafin famfo, jerin sauran bai da wani tasiri mai yawa, saboda bambancin digiri ɗayan nan da muka lissafa.

3. Ɓarnar iska

Ɓarna ta farko a wajen famfo take, kuma ita ce mafi tsanani. Famfon waɗannan kewaye mai farfela ne (pompe centrifuge), ɗan'uwan moto-famfon da masu albasa ke aiki da shi a gindin kwarin Tarka, wajen Madawa. Farfela tana wurga abin da ke cikinta zuwa gefe, ƙarfin turin kuwa ya danganta ne da nauyin abin da aka wurga. Famfon da aka fi sani a wannan fage, mai suna D5, yana iya ɗaga ruwa kusan metir 3,9. In iska ce a cikinsa, zai ɗaga ta metir 3,9 ɗin dai, amma nauyin wannan tsayi na iska bai kai na milimetir 5 na ruwa ba. Farfela tana juyawa, mota tana cin wuta, ba abin da ke motsi. Shi ya sa mai lambu yake ɗura ruwa a kan famfonsa kafin ya ja igiya (amorçage).

Akwai ƙari a kan wannan. Farfelar D5 tana zaune ne a kan ƴar ƙwallo ta tangaran, kuma ruwan da take turawa shi ne manta, shi ne kuma mai sanyaya ta. Gudu a bushe, ko da na ɗan lokaci ne, yana cinye wurin zaman, daga nan ƙarar ba ta sake barinsa.

A nan Dakwaro tana da darasin da ya fi na Madawa. Famfon da ke bisa ƙasa ba ya jan ruwa da ƙarfinsa. Nauyin iskar sararin sama ne ke turo masa shi, kuma tun gwajin Torricelli na 1643 aka san cewa wannan nauyi bai wuce ya ɗaga ruwa metir 10,33 a bakin teku ba, a aikace ma 7 ko 8. Rijiyoyin makiyaya na ƙasar Dakwaro kuwa sun zarce haka nesa, wanda duk ya ga tsawon tafiyar da shanu ko raƙuma ke yi kafin wasaki ya iso bakin rijiya ya sani. Saboda haka a foraj na wannan yanki famfo ake zurawa ƙasa a nutsar da shi, ruwa ya kasance a bisansa kullum. Ƙa'idar kwamfuta ke nan ba ragi: tanki ya kasance sama da famfo, yadda ruwa zai gangaro masa da nauyinsa.

Ɓarna ta biyu ta shafi wucewar zafi. Jan ƙarfe yana wuce da zafi a kan ma'aunin wat 400 a metir a digiri, ruwa 0,6, iska kuwa 0,026 kacal. Kumfar da ta maƙale a hanyoyin bulo bargo ce aka lulluɓa wa wannan wuri. Wadda ta zauna a radiyatar kuma ta rufe wasu bututun, ta mayar da babbar radiyatar ƙarama.

Me ke hana ruwa ya tafi da iskar da kansa? Iska sama take nema. Inda hanya ta hau sa'an nan ta gangara, ruwa yana tura kumfa ƙasa, ita kuma tana ƙoƙarin komawa sama, in gudun ruwan bai fi ƙarfinta ba sai ta tsaya a ƙololuwa, ruwa ya riƙa saɗaɗawa ta ƙarƙashinta. Masu shimfiɗa bututun ruwan gari sun san haka, shi ya sa suke dasa mafitar iska (ventouse) a kan kowane tudu tsakanin shato da famfunan unguwa.

4. Irin ruwan da za a zuba

Ruwan rijiya, na foraj da na leda duk ba su dace ba, ko da sun yi garau a ido. Suna ɗauke da gishirin ƙasa a narke, wanda ke barin farin ɓawo irin wanda ake gani a cikin butar shayi, kuma hanyoyin bulo ba su kai faɗin milimetir ɗaya ba. Ruwan tururi ake so (eau distillée), ko kuma wanda aka cire wa gishiri da na'ura. A kasuwanninmu an fi samun sa wajen masu batir, to amma a nan akwai haɗari, domin sunan "ruwan batir" ya haɗa ruwan tururi da ruwan asid, kuma sau da yawa a kwalabe marasa suna ake sayar da su. Gwaji biyu sun isa. A zuba kaɗan a wani kofi a jefa masa ɗan garin kanwa: in ya yi tafasa, asid ne. A ɗiga kuma a kan gilashi mai tsabta a bar shi ya bushe: ruwan kirki ba ya barin tabo.

Ruwan tururi shi kaɗai ba ya hana gansakuka tsirowa, ba ya kuma hana ƙarfe ci, musamman in an haɗa jan ƙarfe da alminiyom a kewaye ɗaya, domin ruwa yana mayar da su kamar batir, alminiyom ya riƙa narkewa. Kada a haɗa su. In ba a samu ruwan da aka yi musamman don kwamfuta ba, ana iya garwaya kashi ɗaya na ruwan radiyatar mota cikin kashi tara na ruwan tururi, don maganin tsatsar da ke ciki. Ƙara yawansa asara ce: sinadarin gilikol an sa shi ne don hana daskarewa, abin da ba ya damun kowa a Dakwaro, kuma yana rage wa ruwa ƙarfin ɗaukar zafi. Guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobi. Sabuwar radiyatar kuma a wanke cikinta da ruwan zafi a girgiza har sai ta daina fitar da ƙura.

5. Cikawa

Sharaɗi na farko shi ne famfo kaɗai ya samu wuta. Ana cire duk wayoyin da ke kai wa babban allo (carte mère), prosesa, katin hoto da faifai, domin in ruwa ya ɗiga a kan allon da ba wuta, shanya shi kawai za a yi. Akwatin wuta ba ya tashi sai allo ya umurce shi, don haka ake yaudararsa: a babban soket mai ƙafa 24, ana haɗa ƙafa ta 16, wadda wayarta kore ce a bisa al'ada, da kowace baƙar waya. A akwatunan da duk wayoyinsu baƙaƙe ne sai an ƙidaya ƙafafun da kyau. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, akwai hanya mafi sauƙi, tun da famfon volt 12 yake ci: batirin mota ko na sola ya wadatar, muddin an sa fis kuma ba a juya kan wayoyin ba. Da haka aka yi wa ɗalibinmu.

Wanda ke da ɗan famfon iska mai agogo zai iya gwada yoyo tun kafin ya zuba ko ɗigo: ya hura kewayen daidai yadda kamfani ya ƙayyade, ya jira kwata na awa, ya ga ko allura ta sauka. Wanda ba shi da shi, ya naɗe kowane mahaɗi da farar takarda mai shan ruwa.

Ana zuba ruwa a tanki da mazurari ko sirinji, a hankali, ta jikin bango don kada ya yi kumfa, har ya kusa cika. A ɗan jira ya gangara cikin famfo. Sa'an nan a kunna, ido a kan tanki, hannu a kan makunni. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ruwan zai faɗi, kuma dole a kashe kafin ya kai bakin mafita. A sake cikawa, a sake kunnawa. Mutum zai yi haka sau biyar, wani lokaci sau goma, har ruwa ya zagayo ya soma zubowa cikin tanki kuma tsayinsa ya daina faɗuwa. Mafi yawan famfunan da suka lalace a ranar farko, a wannan mataki suka lalace, lokacin da mai aiki ya juya ya ɗauko kwalba.

Zagayowar ruwa ba ta nufin an gama. A wannan lokaci ruwan fari yake kamar an dama fura da ruwa da yawa, saboda farfela ta niƙe iska ta zama ƴan mitsi-mitsin kumfa, manyan kuma suna nan a lungunan radiyatar. Cire iska (purge) yana bukatar abu biyu masu karo da juna. Gudu mai ƙarfi ne ke tumɓuke kumfar da ta maƙale, amma gudu mai ƙarfi yana sake tsotse ta daga tanki kafin ta taso, har ma ya yi guguwa a tsakiyar tankin ya jawo iskar sama. Don haka ake musanyawa: ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan a rage, ko a kashe gaba ɗaya na minti ɗaya, ƙanana su haɗu su zama manya. Bayan haka a rufe murfi a karkata akwatin gaba, baya da gefe-gefe, ana ƙwanƙwasa radiyatar da yatsa, tare da lura kada bakin famfo ya fito daga ruwa. Manufar karkatawa ita ce kowane lungu ya samu lokacin da mafitarsa ke sama da shi. Duk sa'ad da aka ji "ƙulu-ƙulu" tanki ya ragu, a ƙara.

Daga nan a bar famfo yana gudu shi kaɗai, awa 12 zuwa 24, ana duba takardun. Sai an ga sun bushe ƙamas za a mayar da wayoyi.

6. Iskar da ba a gani

Da yawa sukan yi mamaki in bayan kwana biyu suka ga kumfa ta dawo, su zaci yoyo ne. Ruwa yana riƙe da iska a narke, kamar yadda yake riƙe gishiri. A digiri 20, litar ɗaya tana ɗauke da kusan mililitar 19, kuma wannan adadi yana raguwa in ruwa ya yi zafi. A digiri 50 ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ita ce kumfar da ke fitowa a jikin tukunya tun ruwa bai tafasa ba. Kewaye mai litar ɗaya zai saki abin da ya fi cikin ƙaramin cokali a ranakun farko na aiki mai nauyi. Sai a buɗe murfi bayan ya huce, a ƙara ruwa.

Amma kada a cika tanki har baki. Daga digiri 20 zuwa 55 ruwa yana kumbura da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma ba ya matsuwa. In bai samu wuri ba, zoben roba zai tura. Faɗin yatsa ɗaya ko biyu na iska a saman tanki shi ne ke shanye wannan kumburi, aikin da ƙaramar robar gefen radiyatar mota ke yi (vase d'expansion). Wannan iskar ce ta cuci ɗalibinmu: da aka kwantar da akwati, ta bar tanki ta bi tiyo, girgizar hanya ta raba ta tsakanin famfo da radiyatar.

Masu sanyayawa da ake sayarwa a rufe, waɗanda famfonsu ke cikin bulo, su ma suna da ƴar iska a ciki, kuma tana ƙaruwa da shekaru saboda ruwa yana tsatsowa ta jikin tiyo, musamman a zafi. Ba a buɗe su. Abin da ya rage wa mai su shi ne ya ɗaura radiyatar yadda samanta zai fi bulo tsayi.

7. Lissafin bazara

Kewaye a rufe ba randa ba ne. Randa tana sanyaya ruwa ƙasa da zafin ɗaki saboda tana gumi, shi kuwa wannan ba ya gumi, don haka ruwansa kullum yana sama da iskar da fanka ke hurawa. Tazarar digiri 10 ana ɗaukarta kyakkyawa. A ɗakin da ke digiri 22, ruwa yana 32, ba abin damuwa. A Dakwaro a watan Afrilu ko Mayu, ɗaki mai rufin kwano yana iya kai 42 da rana, ruwa ke nan 52, alhali iyakar da aka rubuta wa famfon D5 digiri 60 ce. In kumfa ta rufe kashi ɗaya cikin uku na radiyatar, tazarar za ta tashi daga 10 zuwa kusan 15, ruwa ya kai 57. In ƙurar hunturu da ba a kakkaɓe ba ta toshe haƙoran radiyatar, an wuce iyaka. Tiyo mai tauri na robar PETG, wanda masu son ado ke so, yana laushi a irin wannan zafi ya zame daga mahaɗi. Baƙar roba mai laushi irin ta mota ta fi shi amana a nan.

A ra'ayinmu, sashen da zai sayi na'ura don aikin fage a arewacin jahar Maraɗi, babban mai sanyayawa na iska ya fi masa, sai fa in nauyin lissafi ya tilasta ruwa: in fankarsa ta mutu ana ji, ana kuma iya musanya ta. Wanda ya riga ya mallaki ta ruwa, ya sa famfon zubarwa a can ƙasan kewaye, ya canja ruwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya hure radiyatar bayan hunturu, ya mayar da aiki mai nauyi cikin dare. In tafiya ta kama, ko dai a ɗaure akwatin a tsaye, ko a zubar da ruwan a sake cikawa can. Na'urar ɗalibinmu ta ci yini ɗaya da rabi da ruwan tururi kusan kwata na litar kafin ƙarar ta ɗauke. Da zai komo Maraɗi bayan damina, a tsaye ta yi tafiyar, a kujerar gaba.